Mai Shagon Kayan Noma, Malamin Gonar da Ba a Naɗa Ba

Duk wanda ya san ƙasar Adar, tun daga duwatsun Keita da Buza har zuwa fadamun Madawa, ya san cewa manomin Garhanga, wanda yake shuka hatsi da dawa da wake da damina, sa'an nan ya gangara kwari da rani domin albasa da tumatir, idan wata annoba ta auka wa shukarsa, kafin ya tuna da ofishin malamin gona ya riga ya isa rumfar mai sayar da taki da iri da maganin ƙwari. Dalili kuwa a fili yake: malaman gona na hukuma kaɗan ne, ƙauyuka da yawa, hanyoyi na dutse, alhali mai shago yana nan zaune kowace ranar kasuwa.

Sai ka ga dattijo ya zaro ganyen albasa daga aljihu, ya yi fari-fari, bakinsa ya ƙone, ya miƙa ya ce, "Alhaji, duba mini wannan." Idan mai shagon masani ne, zai buɗa gindin ganyen, inda ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwansa suke ɓuya, ya tambayi kwanan shukar da abin da aka riga aka fesa mata, kana ya faɗi marfi nawa za a zuba a famfon feshi, da kwana nawa za a jira kafin a cire amfani. Idan kuwa jahili ne, ko mai haɗama, zai ɗauko kwalbar da ta fi daɗewa a kanta ya ce ita ce sha-yanzu-magani-yanzu. Manomi ba shi da mizanin bambance su biyun sai bayan ɓarna ta auku.

Wannan matsayi na mai shago ba da ka ya samu ba. Bayan aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984, ya farfaɗo da faƙo mai yawa, sai bukatar taki da iri ta ƙaru; daga 1999 kuma FAO ta taimaka aka kafa shagunan kayan noma na ƙungiyoyin manoma a Nijar, inda ake kasa taki a ƙananan leda daidai ƙarfin talaka, kuma ake koya wa mai tsaron shago ya yi bayani tare da ciniki. Ta nan ne dabarar da masu bincike na ICRISAT da INRAN suka jarraba ta yaɗu, wato a ɗebi taki da yatsu uku, kimanin giram 6 na 15-15-15 ko giram 2 na DAP, a sa a ramin shuka maimakon a watsa shi ko'ina. Abin lura a nan, nasiha ce mai rage abin da mutum ɗaya zai saya, don haka ba kowane ɗan kasuwa take yi wa daɗin faɗa ba.

Inda hatsarin ya fi tsanani shi ne maganin ƙwari. Mai yawa daga cikinsa yana shigowa daga Nijeriya ta Konni, rubutunsa da Turancin Ingilishi, wanda galibi mai saye da mai sayarwa duk ba su karanta shi, kuma ƙungiyar RECA ta sha bayyana cewa da yawa daga magungunan da ke kasuwanni ba su da lasisin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance su. Wani ma juye shi ake yi a kwalbar da ba ta da suna balle ranar lalacewa.

Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, sun kuma haramta algus. To, ina ga wanda aka nemi shawararsa, aka ɗora masa amana a kan ciniki? A ganina, tun da hana manoma tambayarsa ba zai yiwu ba, maslaha ita ce hukuma da ƙungiyoyi su karantar da shi kamar yadda ake karantar da malamin gona. Shi kuma manomi, kafin ya kwance bakin aljihu, ya nemi a nuna masa kwalbar asali, a karanta masa ranar lalacewarta, ya kuma tambayi wane ne a garin ya fesa irinta bara, domin ya je ya ji daga bakinsa.