Hutun Jego: Kowa Na So, Wa Zai Biya?

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da wuya a sami mai musun cewa mace in ta haihu ta cancanci hutu. Al'ada ta ba ta kwana 40 na wankan jego, malamai kuwa sun san Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Amma da an ce a mai da wannan doka, a riƙa biyan mai jego tana gida, sai magana ta yi nauyi.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka gada tun mulkin soja, ta ba ma'aikaciya mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Wanda ya ɗauke ta aiki shi ke biya daga aljihunsa, nan kuwa gizo ke saƙa. Mai kanti a bakin titin Zariya, ko mai ƙaramar makaranta a Tarauni, in ya lissafa kuɗin da zai ba wadda ba ta zo ba, da na wadda za ta riƙe mata wuri, sai ya ga gara ya ɗauki namiji tun farko. Ba lalle mugunta ce ba, lissafin kasuwa ne, amma mata ke kwana ciki.

Gwamnatoci sun yi abin da ya fi musu sauƙi, watau kyautata wa nasu ma'aikata. Ikko ta ba da wata shida a 2014, Kaduna ta bi a 2019. Gwamnatin Tarayya tana ba da mako 16, a 2021 kuma ta yarda da kwana 14 ga mai gida. Sai dai tsarin mulki ya bar sha'anin ƙwadago a hannun Majalisar Tarayya, don haka majalisar jiha ba ta da ikon ɗora wa 'yan kasuwa irin wannan doka.

Ga kuma mata masu yawa da ba su da ubangida sam: mai saƙa, mai ƙuli-ƙuli, mai sayar da atamfa a cikin gida. Ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu gaban 'yan majalisa, alhali masu masana'antu suna da tasu, kuma ana jin muryarsu.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara a shekarar 2000 cewa hutun kada ya kasa mako 14, kuɗin kuma ya fito daga asusun taimakon juna ko baitulmali, don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. A Jamhuriyar Nijar hutun mako 14 ne, asusun ma'aikata na ƙasa kuma yana ɗaukar wani kaso. Ma'aikaciyar kamfani a Maraɗi tana da wannan madogara, ta Tarauni kuwa sai abin da mai kanti ya iya.