Aikin Ƙaba Ba Tare Da An Sa Mutum Barci Ba

Ciwon ƙaba yana aukuwa ne sa'ad da naman da ke tare da hanji a gefen mara ya yi rauni, har hanjin ya sami kafa ya turo waje ya yi ƙullutu a matsematsi. Idan ya gangara cikin maraina akan kira shi gwaiwa. Kimanin namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, a mata kuwa kimanin 3 cikin 100. Ba ya warkewa da jiƙo ko ɗauri, sai da aikin likita. Amma mutane da yawa suna ƙin zuwa asibiti saboda tsoron allurar barci, suna cewa wanda aka sa barci ba lalle ne ya farka ba. To, ya kamata jama'a su sani akan yi wannan aiki mutum yana farke, ba ya kuwa jin zafi.

Yadda Ake Kashe Wurin

Jijiyoyin ji guda 3 ne suke kai saƙon zafi daga matsematsi zuwa ƙwaƙwalwa. Biyu suna bi ta kusa da tsinin ƙashin ƙugu na gaba, wanda kowa ke iya taɓawa da yatsa. Ta ukun tana bin hanyar igiyar maraina. Likita yakan yi allura kamar santimita 2 daga tsinin ƙashin nan wajen cibiya, ya zuba magani tsakanin shimfiɗun naman ciki inda jijiyoyin suke. Sa'an nan ya ƙara wani a layin da zai yanka. A asibitocin da ke da na'urar hoton ciki, yana ganin bakin allurar har ta isa inda ake so.

Magunguna biyu aka fi amfani da su. Lidoken, wanda aka haɗa a ƙasar Suwidin cikin 1943, yana kamawa cikin 'yan mintoci, ya yi sa'a ɗaya zuwa biyu. Bufibaken ya fi jinkirin kamawa, amma yana daɗewa sa'o'i da dama bayan an gama aiki. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun cikin 1900 wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya bayyana yadda ya yi aikin ƙaba ta haka.

Amfaninta

Mara lafiya yana numfashi da kansa, yana magana da likita. Zai ji ana taɓa shi ko ana ɗan ja, amma ba zafi. Likita yana iya ce masa ya yi tari, domin ya tabbatar ɗinkin ya riƙe. Amai da riƙewar fitsari ba su cika biyo baya ba, galibi ma akan sallami mutum ran nan. Wannan hanya ta dace ƙwarai da tsofaffi da masu ciwon zuciya ko na huhu.

Abin Lura

Wani lokaci maganin yakan nashe zuwa jijiyar cinya, ƙafa ta mutu na 'yan sa'o'i. Saboda haka kada ka miƙe tsaye sai ma'aikacin jinya yana riƙe da kai. Idan ka ji harshenka ya mutu, ko kunnuwanka suna ƙara, ko jiri, gaya wa likita nan take. Ka kuma faɗa masa tun da fari idan wata allura ta taɓa yi maka lahani.

Allurar ba ta isa ga ƙananan yara, ko gwaiwar da ta yi girma ainun, ko ƙabar da ta shaƙe hanji. Idan ƙullutun ya taurare ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, gama hanjin yana iya ruɓewa cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya zo tun ƙabarsa tana ƙarama, shi ne ke samun aiki mai sauƙi, ya koma gona ko kasuwa cikin 'yan makonni.