Diyyar Dam: Darasin Bakalori Da Muka Ƙi Koya

Duk lokacin da maganar farfaɗo da aikin madatsar ruwa ta Kafin Zaki a Jihar Bauchi ta taso, sai jami'ai su ce za a biya kowa diyyarsa, mutanen birni kuma su gyaɗa kai. In ƙauyawa suka yi ƙorafi, a ce haɗama ce. Masu faɗin haka ba su san yadda ake lissafin diyyar ba.

Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. In aka karɓi gona don aikin jama'a, abin da ke kanta ake biya: shuka, itatuwa, gini. Mai ƙiyasi zai zo da littafinsa ya ƙirga ɗorawa da mangwaro da rumbu, amma fadamar da ke ba da shinkafa da damina, albasa da rani, ba a sa mata kuɗi. In an yi musanya, galibi a tudu ake ba manomi wata gonar. Masunci da makiyayi kuwa da wuya a tuna da su.

Irin wannan lissafi ne ya jawo ta'asar Bakalori. An kammala dam ɗin a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a Zamfara ta yau, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina shi. Ruwa ya cinye garuruwan dubban mutane. Manoman filin ban-ruwa aka hana su shuka ana baje gonakinsu, aka tumɓuke itatuwa, diyya ta yi ta jan ƙafa. Na ƙasan gulbi suka rasa ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu kowace shekara, ba a ko rubuta sunayensu ba. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980, zamanin Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa aka kashe. Ɗalibai nawa a Zamfara suka san wannan tarihi yau?

Ba mai jayayya cewa muna buƙatar ruwa. Dam ɗin Tiga na cikin abin da ke shayar da Kano. Amma kafin katafila ta shiga kowane ƙauye, a fara ba da gona mai daraja irin wadda aka karɓa, a haƙa rijiya, a gina makaranta, a liƙa jerin sunaye a ƙofar dagaci kowa ya gani. 'Yan majalisa kuma su daina barci, su gyara Dokar Mallakar Ƙasa.