Zangon Samari na Koyon Zama da Juna a Amurka

A ƙasar Amurka makarantu sukan yi dogon hutu lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta. Iyaye da yawa sukan aika 'ya'yansu zango a daji, a bakin tabki ko gindin dutse, su yi 'yan makonni suna iyo da wasanni. Cikin zangunan nan akwai waɗansu da aka kafa da wani nufi dabam. Akan tara samari da 'yammata daga kabilu ko addinai waɗanda ba su ga maciji da juna, a koya musu zama tare da shugabanci, don in sun koma gida su ja hankalin tsararrakinsu. Dalilin zaɓen masu ƙuruciya a fili ya ke, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Amma tara mutane wuri ɗaya kawai ba ya kawar da ƙiyayya. Wani masanin halayen 'yan Adam, Muzafer Sherif, ya gwada wannan a shekarar 1954 a wani daji da a ke kira Robbers Cave, cikin jihar Oklahoma. Ya tara yara maza 22, 'yan wajen shekara 11, duka farar fata, addininsu ɗaya, ba wanda ya taɓa sanin wani. Ya raba su ƙungiya biyu, waɗannan suka sa wa kansu suna Mikiyoyi, waɗancan Macizai. Sa'an nan aka haɗa su gasar ƙwallo da ja-in-ja da igiya, aka ce wanda ya ci shi ke da kyauta. Kafin 'yan kwanaki sai zage-zage, Mikiyoyi suka ƙone tutar Macizai, Macizai kuwa suka kai hari ɗakin kwanan Mikiyoyi da dare.

Da aka so sulhunta su, aka zaunar da su cin abinci tare. Sai suka shiga jifan juna da abincin. Zo mu zauna, zo mu saɓa. To, sai masu gwajin suka sake dabara, suka toshe hanyar ruwan sha a ɓoye, ƙishirwa ta sa yaran duka suka bazu neman inda ɓarnar ta ke har suka gyara. Wata rana kuma motar ɗauko abinci ta ƙi tashi, suka ɗaura mata igiyar nan da suka yi ja-in-ja da ita, suka ja gaba ɗaya har ta tashi. Ran komawa gida su da kansu suka roƙa a sa su mota ɗaya. Watau abin da ya raba su gasa ce, abin da ya haɗa su kuwa aikin da hannu ɗaya ba ya iyawa.

Wannan darasi ana ganinsa a zangon Seeds of Peace, ma'anarsa irin shuka na zaman lafiya. Wani ɗan jarida, John Wallach, ya kafa shi a 1993 a jihar Maine. Ya fara da samari 46 daga Isra'ila da Falasɗinu da Masar, kuma a ran 13 ga Satumba na shekarar nan suna cikin waɗanda suka halarci sa hannu kan yarjejeniyar Oslo a fadar shugaban Amurka. Daga baya aka riƙa kawo waɗansu daga Indiya da Pakistan da Afganistan.

Ga yadda aka tsara zaman. Tutocin ƙasashe a bakin ƙofa su ke tsayawa. Daga ciki kowa riga iri ɗaya ya ke sawa, koriya, Turanci kuma shi ne harshen kowa. Ɗan Isra'ila da ɗan Falasɗinu ɗaki ɗaya su ke kwana, tebur ɗaya su ke cin abinci. Kowace rana akan zauna ƙungiya-ƙungiya fiye da sa'a ɗaya tare da masu jagorar magana, kowa ya faɗi abin da ya sami danginsa, ɗaya gefen kuma dole ya saurara har ƙarshe. A nan akan yi fushi, akan yi kuka. Can wajen ƙarshe akan raba zangon biyu don gasa, amma a gauraye, yadda yaro zai iske wanda aka ce masa abokin gaba ne yana gefensa, suna neman ci tare.

Wahalar tana bayan komawa gida, inda gaba ba ta kwanta ba. Asel Asleh, Balarabe ɗan ƙasar Isra'ila, ya je zangon, ya yi abokai Yahudawa da yawa. A watan Oktoba na 2000, lokacin zanga-zanga a garinsu Arraba, 'yan sandan Isra'ila suka harbe shi, yana ɗan shekara 17, da koriyar rigar zangon a jikinsa. Mako uku a bakin tabki ba ya tsai da yaƙi.

Duk da haka zaman ba a banza ya ke ba. Waɗansu masu bincike biyu na Jami'ar Shikago sun bi sawun waɗanda suka je zangon daga 2010 zuwa 2012. Suka tarar da kyakkyawan zaton da yara suka koma da shi yakan ragu bayan 'yan watanni, amma wanda ya yi aboki na gaske ko da guda ɗaya daga ɗaya gefen, nasa ya fi daɗewa. Wanda ya san mutum ɗaya da sunansa da halinsa, da wuya a ce masa mutanen can duka mugaye ne ya yarda.