Soron Babban Gwani Na Kafin Madaki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi, lalle ya ratsa ta Kafin Madaki, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, wadda take kimanin mil 28 arewa da birnin Bauchi. Galibin matafiya idan sun tsaya a nan, sun tsaya ne don su yi salla ko su sha ruwa, sa'an nan su ci gaba da tafiyarsu. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a cikin garin akwai wani tsohon soro na ƙasa wanda shi ne ginin farko da Gwamnati ta sa cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a Nijeriya baki ɗaya. An yi wannan a cikin shekarar 1956, watau shekara uku kafin Hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano su sami irin wannan matsayi.

Mutanen garin suna kiran soron da laƙabin wanda ya gina shi, watau Babban Gwani. An gina shi wajen shekarar 1860 domin Madakin Bauchi, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1845 zuwa 1877. Sunan garin kansa yana nuna asalinsa, domin kafi shi ne mazaunin da aka kewaye da itatuwa saboda tsaro, kuma Madaki yana cikin manyan sarakunan yaƙi. Mutumin da yake da irin wannan muƙami yana bukatar wurin da zai karɓi baƙi, ya saurari ƙararraki, ya kuma nuna wa duk wanda ya shigo cewa ya zo gaban manya. Aikin da aka ɗora wa magini ke nan.

WANE NE BABBAN GWANI?

A Zariya an fi saninsa da Malam Mika'ilu, a ƙasar Bauchi kuwa Muhammadu Durugu ake cewa. Aikinsa mafi shahara shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarki na farko daga gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. An gina masallacin da tulluwa shida a bisa manyan ginshiƙai, kuma masanan gine-gine na ƙasashen waje sun daɗe da sa shi cikin mafiya kyaun ginin ƙasa a nahiyar Afirka.

Kamar sauran gwanaye, labaran baka sun yi yawa a kansa. Akan ce da dare yake aikinsa don kada a ga sirrinsa. Akan kuma ce bayan ya gama wani masallaci a Birnin Gwari, sai sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin waɗannan labarai suna nuna yadda aikin ya cika mutanen zamanin da mamaki, har suka ga kamar ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam. Laƙabin bai mutu tare da shi ba, domin zuriyarsa ta ci gaba da riƙonsa tare da sana'ar, kuma akwai unguwa a birnin Zariya da ake kira da sunan.

A ƊAGA KAI SAMA

Daga waje, soron Hausa na wancan zamani ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Bango ne mai kauri a gindi yana siranta zuwa sama, da ƙananan tagogi, da indararo. Baƙon da ya shigo daga hasken rana sai ya ɗan dakata tukuna idonsa ya saba da duhun ciki, kuma abin da zai fara ji shi ne sanyi, ko da a tsakiyar bazara ne, saboda kaurin bangon yana hana zafin rana shiga sai can da dare. Bayan nan sai ya ɗaga kai, domin a rufi ne magini yake zuba gwanintarsa.

Kafin mutum ya gane abin da yake kallo, sai ya san matsalar da maginin ya warware. Itacen rufi a ƙasar Hausa shi ne azara, wadda ake faskarawa daga giginya, kuma an zaɓe ta ne saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan faɗin ɗakin ya wuce kamar ƙafa 6. To, yaya za a rufe zauren da zai ɗauki Madaki da fadawansa da masu kawo gaisuwa?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini yakan kafa azara a cikin bango ta leƙo waje, ya ɗora wata bisa kanta ta ƙara leƙowa tana karkata, ya ɗaure su da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sa'an nan ya ƙara wani hawa. Haka za a yi ta yi daga kowane gefe har ƙafafun su lanƙwaso su gamu a tsakiya. Da wannan dabara akan rufe faɗin da ya kai ƙafa 25 ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Idan bakan gizo suka gitta juna, sai a kira rufin ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake gitta itatuwan bakin gugan rijiya. Ashe daga bakin rijiya magina suka ɗauko sunan mafi girman fasaharsu.

Tsakanin ƙafafun bakan gizo akwai filaye, kuma a nan ne ake jera gajerun azara, wasu a miƙe, wasu a karkace, wasu kamar kitson mata, ta yadda kowane fili yake da nasa zubin. A bisansu ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, a shafe da laso, watau haɗin katsi na marina da gashin majema da ruwan dafara, wanda yake hana ruwan sama zama. Bangon waje kuwa makuba ake shafa masa, daga ɓawon ɗorawa. Saboda haka duk wanda ya tsaya ƙarƙashin irin wannan rufi, yana ƙarƙashin aikin magini ne da marini da majemi da mai faskare gaba ɗaya.

ZANE DA LAUNI

Ɗalibin da ya saba ganin hotunan fadoji masu launi iri-iri yana iya zaton haka adon yake tun fil'azal. Abin da aka gani a masallacin Zariya ya nuna cewa adon zamanin Babban Gwani mai natsuwa ne: layuka masu zurfi da aka tsaga a jikin ɗanyar ƙasa, da siffofi masu kusurwa a jikin ginshiƙai, da jerin azara, sa'an nan a bar haske da inuwa su ƙarasa sauran. Wannan ya dace da halin malaman jihadi, waɗanda suka yi ta gargaɗi a kan alfahari da almubazzaranci. Launukan da magina suke da su a da na ƙasa ne, watau farar ƙasa da jar ƙasa da baƙi da shuni.

Yawan launi ya zo ne a ƙarni na 20, lokacin da fentin kanti ya samu, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun attajirai. Soron Ingila na fadar Kano, wanda aka yi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shi ne misalin da aka fi ambata na rufin da aka ƙawata da launi tun daga gindin bakan gizo har ƙololuwa. A Zariya kuma masu zanen gida suka shiga sa keke da agogo da jirgin sama kusa da dagi da takobi, abin da ya sa wani Baturen mulki, A. H. M. Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a kan zanen gidajen birnin a 1963. Wanda ya ga Kafin Madaki sa'an nan ya ga waɗannan, zai gane inda aka faro da inda aka kai, ya kuma gane cewa fenti ado ne kawai a bisa ƙashin da tsofaffin magina suka riga suka kafa.

Akwai kuma al'adar manna tasa ko faranti a daidai inda ƙafafun bakan gizo suka gamu. Ado ne, amma wasu magina sukan ce har da gargaɗi a ciki, domin idan rufi ya fara motsi, tasar ce take fara saki.

DARASIN ZARIYA

Maganar gargaɗi ita ce ta sa soron Kafin Madaki ya ƙara daraja a 'yan shekarun nan. A shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin Zariya da sabon gini na siminti, aka bar tsohon a cikinsa. A ranar Juma'a, 11 ga watan Agusta, 2023, wani sashe na rufinsa ya rufto a kan masallata ana sallar la'asar, aƙalla mutum 8 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana a lokacin cewa an lura da tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana cikin shirin kawo masana su duba sai ƙaddara ta riga fata.

Ginin ƙasa yana iya yin shekara ɗari biyu, amma da sharaɗin a riƙa duba shi kowace shekara kafin damina: a share bakin indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Mutanen Jenne ta ƙasar Mali sun mayar da wannan aiki bikin shekara-shekara, inda gari duka yake fitowa ya yaɓe babban masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907. A garin Yama na yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962, kuma a 1986 aikin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine. Watau sana'ar tana da rai a inda aka ba masu ita aiki.

A nan Arewa kuwa siminti da kwano sun kori azara, giginya tana ƙarewa a fadamu, 'ya'yan magina sun koma buga bulo. A yammacin Jihar Katsina, a ƙasashen Batsari da Safana da garuruwa irin su Babban Duhu, wata masifar ta ƙaru a kan wannan, domin hare-haren 'yan bindiga sun sha tada mutane daga gidajensu, kuma soron da ya sha damina biyu babu mai hawa kansa ya duba, sai dai labari. Zaurukan masu gari da na malamai da ke irin waɗannan wurare ba su cikin jerin kowace hukuma, alhali irin dabarar da ke Kafin Madaki ita ce a jikin rufinsu, ko da a ƙaramin zubi.

ABIN DA YA RAGE GA MASU ILMI

Abin lura ne cewa mutumin da ya fi kowa auna waɗannan gine-gine ya zana taswirarsu baƙo ne, Farfesa Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Poland, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 1958, ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990. Shi ne ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya. Kula da soron Kafin Madaki yana wuyan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma yana iya rubuta sunayen tsofaffin soraye na yankinsa da na maginan da suka rage. Jami'in ilmi yana iya sa irin wannan ziyara cikin tsarin makarantu. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai yana iya zama gaban Sarkin Magina na garinsu da takarda da alƙalami tun yana da rai, domin yawancin wannan ilmi a ka yake.

Wanda ya yi niyyar zuwa Kafin Madaki, rani ya fi masa, kuma da hantsi, lokacin da haske yake shiga ta tagogi ya fito da zubin rufin. Ya tuna cewa gidan sarauta zai shiga, saboda haka sai ya fara gaisuwa ya nemi izni, ya tuɓe takalmi, kada ya kankare bango ko ya rubuta sunansa a jiki. In ya dawo gida, sai ya shiga zauren mai garinsu ya ɗaga kai sama, ya duba ko akwai tsaga.