Darasin "Shaihu Umar" ga masu hidima a fadar zamani

Ma'aikata da dama a Abuja na bin titin Tafawa Balewa kullum, amma kaɗan ne suka karanta littafin da mai sunan ya wallafa a 1934, tun yana malamin makaranta, shekaru 23 kafin zamansa Firayim Minista.

"Shaihu Umar" labarin yaro ne da aka sace daga Kagara, aka ƙetara Sahara da shi yana bawa, ya komo shaihin malami a Rauta. Balaraben da ya raine shi, Abdulkarim, shi ya ilimantar da shi, alhali fataucin bayi yake yi. Hamadar kuwa alama ce ta rabuwa. Ita mahaifiyar Umar ta ratsa tana nemansa, har ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu.

Sai dai tushen masifar a fada yake. Hassadar fadawa ce ta sa sarki ya kori Makau, mijin mahaifiyar, bisa ƙazafi, gidan ya watse. Hadimin da ke da kunnen shugaba ya kamata ya yi wa wannan babi karatun nutsuwa.