Littafin Lissafi a Gefen Murhu

'Yan'uwana mata, da ku ƙannena 'yan makaranta, a wannan mako maganarmu a kan sana'a take. Kun san dai a ƙasar Daura, tun daga cikin birni har Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'adua, da wuya ka shiga gida ka tarar matar gidan ba ta da abin yi. Wata na kaɗa daddawa, wata na dama fura, wata na matsar mai tana soya ƙuli-ƙuli, wata kuwa ɗinkin hula. To, me ya sa mace takan shekara goma tana wahala a bakin wuta, amma jarinta bai ƙaru ba, wani lokaci ma ya karye?

Amsar ita ce rashin lissafi. Yawancinmu ba mu raba uwar kuɗi da riba. Ciniki na shigowa sai a ɗaure a bakin zane, a cire na cefane, a cire na biki, a ba maƙwabciya bashi ba a rubuta ba. Ran da za a sayo gyaɗa sai a ga kuɗin bai kai ba.

A nan ne 'yar makaranta take da amfani. Ke da kika iya tarawa da ɗebewa, nemi littafi ɗaya ki ajiye wa mahaifiyarki. A shafin hagu ki rubuta abin da aka kashe: kuɗin gyaɗa, da na niƙa, da itace, da gishiri, da leda. A na dama ki rubuta abin da aka sayar, watau man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kowanne dabam. Kada ki manta da wanda aka ci a gida, don shi ma kuɗi ne. Ranar Juma'a ku ɗebe na hagu daga na dama. Abin da ya rage shi ne riba, daga cikinsa kaɗai za a yi zubin adashi. Uwar kuɗi kuwa ba a taɓa ta.

Littafin nan zai kuma koya muku dabara. In ya nuna mai ya fi ƙuli kawo kuɗi, sai a tace shi da kyau, a zuba a kwalba mai tsabta. In an ɗaure ƙuli a leda an kai wa mai kanti, ba sai an hana yarinya zuwa aji an ɗora mata talla ba. Ga masu saye sun ƙaru, gama tun 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ɗalibai baƙi kuwa kullum suna neman abin taɓawa mai tsabta. Da waya ma sai a yi ciniki mace na cikin ɗakinta.

Kada wata ta ce ta yi boko ta fi ƙarfin kasko. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatake har Sham. Yarinyar da ta riƙe littafin gidansu shekara guda za ta koyi riƙon amana, da haƙuri, da yadda ake magana da mai bashi, abubuwan da babu jarrabawarsu a makaranta.

Ku gwada na wata ɗaya, ku rubuto mana abin da kuka gani. Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya sa albarka a neman kowa, amin.